Baƙin Halittun da Jiragen Ruwa ke Saukewa Ba Tare da Takardar Duwan Ba

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da shinkafa ko atamfa ko kayan gyaran babur a Gaya, ko Birnin Ƙonni, ko Ɗan Isa, ko Magarya, ya san cewa yawancin abin da ke cikin rumfarsa ta teku ya biyo. Jirgin ruwa ne ya sauke shi a Kwatano ko Lome ko Tema ko Legas, ko kuwa Duwala ga ƴan'uwanmu na Kamaru da Cadi, daga nan manyan motoci suka hauro da shi arewa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan da ake fatauci tsakanin ƙasashe ta ruwa suke bi. Kowace kwantena da lambarta, kowane buhu yana cikin takarda, ma'aikatan duwan kuma ba sa barin kaya ya wuce sai sun gani. To amma akwai wani kaya da jiragen nan ke ɗaukowa daga wata nahiya su sauke a wata, wanda ba ya cikin takarda, ba a biya masa haraji, kuma babu wanda zai ce nasa ne. Halittun ruwa ne masu rai, waɗanda idan suka sami wurin zama a sabon teku sukan cinye ƴan gida, ko su kore su, har masunta su wayi gari tarunsu ba kifi.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Maraɗi da abin da ke faruwa a ƙarƙashin teku, alhali tsakaninsa da gaɓa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000? Amsar tana cikin kasuwarmu. Kwalin kifin ƙanƙara da ake yankawa kowace safiya, da busasshen jatan lande da mata ke saye a gwangwani don miya, da bandar da ake haurowa da ita daga kudu, duk arzikin teku ne. Ranar da ya ragu a can, mu ne za mu ji a farashi. Ban da haka ma, kamar yadda za mu gani a gaba, wasu daga cikin baƙin nan sun riga sun iso kogunanmu.

Ruwan da jirgi ke sha ya amayar

Direbobin manyan motoci sun san yadda tirela ke rawa a kan hanya idan ta sauke kaya ta dawo wayam. Haka jirgin ruwa yake, har ma ya fi. Idan ba kaya a cikinsa sai ya taso sama, farfelarsa ta kusa fita daga ruwa, iska da igiyar ruwa su riƙa wasa da shi. Don haka kowane babban jirgi yana da tankuna a cikinsa da ake cikawa da ruwan teku domin ya danne shi ya daidaita. A da duwatsu da yashi ake lodawa, amma tun ƙarshen ƙarni na 19 da aka koma ƙera jirage da ƙarfe, sai ruwa ya maye gurbinsu. Jirgi zai sha ruwan nan a tashar da ya sauke kaya, ya yi tafiyar makonni da shi, idan ya isa inda zai yi lodi sai ya amayar da shi a can. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IMO, ta ƙiyasta cewa ruwan da ake kwasa ta haka tsakanin ƙasashe ya kai tan biliyan 3 zuwa 5 kowace shekara.

Ruwan teku kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. A cikinsa akwai ƙwan kifi, da ƴaƴan ƙaguwa da na katantanwa waɗanda ido ba ya gani, da irin ciyayi, da ƙwayoyin cuta. A 1991 da 1992 an gano ƙwayar cutar kwalara, wato amai da gudawa, a cikin tankunan wasu jiragen da suka fito daga Kudancin Amurka suka tsaya a tashoshin kudancin ƙasar Amurka. Yawancin halittun nan suna mutuwa a cikin duhun tanki. Waɗanda suka kai labari ma, da yawa sukan mutu da an zubar da su, saboda zafin ruwan ko gishirinsa bai yi daidai da na garinsu ba. Sai dai jiragen zamani sun fi na da girma da sauri, kuma suna zuwa ba ƙaƙƙautawa, saboda haka a cikin dubu ba a rasa ɗaya da zai rayu ya hayayyafa.

Akwai wasu hanyoyi uku ban da wannan. Wasu halittu a jikin jirgi suke maƙalewa ta ƙasa, kamar yadda ƙarangiya ke bin wandon matafiyi daga wannan gona zuwa waccan. Wasu ta mashigan ruwa da ɗan Adam ya haƙa suke bi su tsallaka daga wannan teku zuwa wancan. Wasu kuma mutane ne ke ɗaukarsu da hannunsu, don kiwo ko don ado ko don gyaran gaɓa, daga baya abin ya fi ƙarfinsu.

Ba kowane baƙo ne ke ɓarna ba

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma mu da muka cika zango-zango daga Kumasi har Sudan mun fi kowa sanin darajar baƙunta. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka aka kawo su. Mangwaro da dogon yaro daga yankin Indiya suka fito. Yau ba mai ce musu baƙi. Wani babban rahoto da kwamitin masana na duniya mai suna IPBES ya fitar, wanda wakilan ƙasashe 143 suka amince da shi a birnin Bon na Jamus a watan Satumba na 2023, ya ce ɗan Adam ya kai halittu fiye da iri 37,000 wuraren da ba nasu ba, a tudu da ruwa. A cikinsu, iri 3,500 da ɗoriya ne aka tabbatar suna ɓarna. Amma ɓarnar waɗannan ba ƙarama ba ce. Rahoton ya ce suna da hannu a kashi 60 cikin ɗari na dabbobi da tsirran da aka san sun ƙare ƙaf a duniya, kuma asarar da suka jawo a shekarar 2019 kaɗai ta haura dala biliyan 423.

Me ke sa baƙo ya fi ɗan gida ƙarfi? A garinsu, kowace halitta tana da mai cinta, da cutar da ke rage ta, da abokin gasar da ke tsare mata gaba. Idan aka ɗauke ta zuwa wani wuri, takan bar duk waɗannan a baya. Ƴan gida kuma ba su san ta ba, ba su san yadda za su guje mata ko su yi gogayya da ita ba.

Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar na giwan ruwa. Wannan kifi ɗan gida ne a kogin Isa da Binuwai da tafkin Cadi. Muna cinsa, muna sayar da shi da daraja, kuma bai taɓa ƙarar da karfasa ko kurungu ko tarwaɗa ba, domin tun fil azal tare suke zaune. A shekarun 1950 da farkon 1960 aka ɗauke shi aka zuba a tafkin Biktoriya da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, da niyyar a samu babban kifin kasuwa. Tafkin yana da ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 500 waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai can. Giwan ruwa ya yi shiru kusan shekara 20, sai a shekarun 1980 ya yi wata irin yaɗuwa, aka nemi kimanin iri 200 na ƙananan kifayen nan aka rasa. Gaskiya ne an sami kuɗi, domin an kafa masana'antu a Muwanza da Kisumu ana fitar da tsokarsa zuwa Turai. Amma talakan bakin tafki da ya saba shanya ƙaramin kifi a rana ya ci da iyalinsa ya rasa shi. Giwan ruwa kuma yana da maiƙo, ba ya shanyuwa sai an yi bandarsa, wannan ya ƙara saran itace a kewayen tafkin.

Darasin Bahar Aswad

A teku, labarin da ya tayar da duniya daga barci shi ne na Bahar Aswad, tekun da ke arewa da Turkiyya. A farkon shekarun 1980 aka fara ganin wata halitta a cikinsa, mai jiki garai-garai da yauƙi, tsawonta bai wuce na tafin hannu ba, ba ƙashi ba haƙori. Asalinta gaɓar gabashin nahiyar Amurka ce, kuma masana sun tafi a kan cewa cikin ruwan tankin jirgi ta iso. Duk wanda ya gan ta ba zai ce za ta iya cutar da komai ba. To amma ita kaɗai tana iya haihuwa ba sai da namiji ba, tana zuba dubban ƙwai a rana, kuma abincinta shi ne ƙananan halittun da kifi ke ci, haɗe da ƙwan kifin da ƴaƴansa. Wato ta cinye abincin kifi, ta kuma cinye zuriyarsa.

Zuwa 1988 da 1989 ta cika tekun. Wani ƙaramin kifi da Turkawa ke kira hamsi, wanda dubban masunta da masana'antu suka dogara da shi, ya yi faɗuwar da ba a taɓa gani ba. Jirage suka zauna a gaɓa, asara ta kai ɗaruruwan miliyoyin dala. A nan akwai abin lura: kafin baƙuwar ta iso, an riga an galabaitar da tekun da yawan su fiye da kima da kuma ƙazantar da koguna ke kwararowa cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin bai lafa ba sai a 1997, da wata ƴar'uwarta mai cin ta ita ma ta iso, ta soma rage ta. A 1999 kuma aka gan ta a tekun Kasfiya, inda ta maimaita irin ɓarnar ga ƙaramin kifin da masuntan Iran da maƙwabtansu ke kamawa.

Ƙofar da aka buɗe a Masar

A 1869 aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum, ya rage wa jirage zagayen Afirka. Tun daga lokacin ɗaruruwan irin halittu suka bi ta cikinsa suka shiga Bahar Rum. A farko wasu tafkuna masu tsananin gishiri da ke tsakiyar mashigin suna tare su, amma a hankali gishirin ya tsinke. An yi ta faɗaɗa mashigin, har da babban aikin 2015, ga kuma ruwan Bahar Rum yana ƙara ɗumi, abin da ke yi wa baƙin da suka fito daga teku mai zafi daɗi.

Masuntanmu sun san talibambam, kifin nan mai kumbura ciki idan an taɓa shi. Wani babban ɗan'uwansa na teku ya bayyana a gaɓar Turkiyya a 2003, daga nan ya bazu har Girka da Libiya da Tunisiya. Haƙoransa suna yanke taru da ƙugiya, yana cinye kifin da ya kamu kafin masunci ya jawo, kuma a jikinsa akwai guba mai kisa wadda dafuwa ba ta kashe ta. Abin ya kai gwamnatocin Turkiyya da tsibirin Ƙubrus suka riƙa biyan masunta lada a kan wanda suka kama. Wasu kifaye biyu masu cin ciyawa, su ma daga Bahar Maliya, sun kiwace ciyayin ƙarƙashin ruwa a wurare da yawa har sai dutse tsirara, alhali a cikin ciyayin nan ƴaƴan kifin gida ke ɓuya su girma.

Sai labarin da zai fi jan hankalin ɗan kasuwa. Wajen 2014 wata shuɗiyar ƙaguwa ta bayyana a gaɓar Gabes ta Tunisiya, cikin shekara guda ta mamaye wurin. Tana yayyaga taru, tana cinye abin da ya kamu, har masunta suka laƙaba mata suna Da'esh saboda ɓarnarta. Da aka ga ba yadda za a yi da ita, sai aka koya wa masunta kama ta da tarko irin na gura, aka kafa wuraren sarrafa ta, aka soma fitar da ita zuwa ƙasashen Asiya da wasu wurare da ake cinta da tsada. Abin da ya zo a matsayin annoba ya zama haja. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Ba kowane baƙo ne ake iya ci ko sayarwa ba, kuma kuɗin ƙaguwa ba ya dawo da irin da ta riga ta ƙarar. A Italiya ma wata irin shuɗiyar ƙaguwa, ita daga Amurka, ta cinye katantanwar da ake kiwo a bakin kogin Po a 2023, har gwamnati ta ware yuro miliyan 2.9 don yaƙi da ita.

A can yammacin tekun Atlantika kuwa, kifin ado ne ya zama bala'i. Wani kifi mai zane da dogayen ƙayoyi masu dafi, da ake ce wa kifin zaki, asalinsa tekun Indiya da Fasifik, ana ajiye shi a gidaje cikin akwatin gilashi don kallo. An fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, kuma alamu sun nuna masu kiwonsa ne suka sake shi. Yau ya cika tekun Karibiyan. Wani gwaji da aka yi a tsibiran Bahamas ya nuna cewa guda ɗaya yana iya rage ƴaƴan kifin gida da kusan kashi 80 cikin ɗari a wurin da yake, cikin mako 5 kacal.

Gaɓar tekunmu ba ta tsira ba

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Daga Senegal har Angola akwai wasu dazuzzuka da ke tsiro a inda kogi ke haɗuwa da teku, cikin laka da ruwan gishiri, waɗanda ake kira mangurof. Saiwoyinsu a waje suke, sun sarƙe kamar ƙafafu, kuma a tsakaninsu ne kifi da jatan lande da ƙaguwa ke renon ƴaƴansu kafin su fita teku. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan daji.

A 1906, zamanin mulkin mallaka, aka kawo wani tsiro mai suna nipa daga Singafo aka dasa a Kalaba domin ya tare zaizayar gaɓa. Dangin kwakwa ne, amma ba shi da doguwar gangar jiki, ganyensa daga laka yake fitowa kamar kaba. Ƴaƴansa suna yawo a kan ruwa, duk inda suka sami fili sai su kafu. Yau ya bazu a yankin Neja Dalta, ya tsallaka Kamaru har bakin kogin Wuri inda Duwala take. Inda ya kafu yakan yi cunkus, mangurof ba ya sake tsirowa, kuma shi ba shi da irin saiwoyin da ƴaƴan kifi ke fakewa a ciki. A Asiya mutane suna tatsar zaƙinsa suna rufin ɗaki da ganyensa, amma a gaɓarmu amfanin da ake yi da shi kaɗan ne. A nan ma sai da bango ya tsage: inda aka sare mangurof don itacen bandar kifi, ko malalar man fetur ta kashe shi, nan nipa ya fi samun shiga. Wato bandar da muke saye tana da hannu a raguwar kifin da za a yi bandar gobe da shi.

Baƙuwar kainuwa

Baƙon da ya iso ƙofar gidanmu shi ne ciyawar nan mai kore shar da shunayyar fure, wadda masu Faransanci ke ce wa jasint, wasunmu kuma ke haɗa ta da kainuwar da muka sani tun kaka da kakanni. Asalinta yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma kyan furenta ne ya sa mutane suka yi ta ɗaukarta zuwa ƙasashe don ado. Rahoton 2023 da muka ambata ya sa ta a sahun gaba cikin baƙin da suka fi bazuwa a duniya. Ta addabi kogin Kwango da Farin Nilu na Sudan tun shekarun 1950. Ta bayyana a ruwayen kudancin Benin a ƙarshen shekarun 1970, ta shiga ruwayen Badagiri da Legas a 1984, daga baya kuma ta bayyana a kogin Isa, inda mutanen Yamai da Gaya da Malanbil suka san ta sarai.

Ba ta jure ruwan gishiri, amma idan damina ta yi, ruwan daɗi ya rinjayi na teku a tafkunan gaɓa irin Nokuwe na kusa da Kwatano, sai ta rufe su. Idan ta sami ruwa mai taki, cikin mako biyu takan ninka yawanta, irinta kuma yana iya kwanciya a laka shekaru masu yawa bai mutu ba. Inda ta shimfiɗu, hasken rana ba ya ratsawa, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa tana raguwa, ciyayin gida su mutu. Taru ba ya jefuwa, jirgin fito da ke ɗauke da kayan kasuwa ya maƙale, injin ban ruwa na masu noman shinkafa ya toshe, sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya su sami maɓoya. A ƙarshen shekarun 1990 sai da ta rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a tafkin Biktoriya.

An gwada tsamewa da hannu da injin, amma ana tsamewa tana komowa. Abin da ya fi tasiri shi ne komawa garinsu a nemo mai cinta. Wasu ƙananan ƙwari ne dangin gunda, waɗanda aka gwada aka tabbatar ita kaɗai suke ci. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA reshen Kwatano ta soma sakinsu a kudancin Benin a 1991, kuma cikin ƴan shekaru ciyawar ta ragu ƙwarai, duk da cewa ba ta ƙare ba. A wurare da dama kuma mata da matasa suna busar da ita su saƙa kwanduna da tabarmi, ko su yi takin gona da ita.

Matakin da duniya ta ɗauka

Halittar da ta riga ta kafu a teku, da wuya a iya fitar da ita, domin teku ba gona ba ce da za a nome. Shi ya sa aka mayar da hankali kan tsare ƙofa. A watan Fabrairu na 2004 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar kula da ruwan tankin jirage a Landan, amma ba ta fara aiki ba sai 8 ga Satumba 2017, bayan shekara 13 ana jiran isassun ƙasashe su sa hannu. Da farko an ce jirgi ya canza ruwansa a tsakiyar teku, nesa da gaɓa da mil 200, domin halittar gaɓa ba ta cika rayuwa a can ba. Daga 8 ga Satumba 2024 kuwa, an wajabta wa jiragen da yarjejeniyar ta shafa su tsabtace ruwan kafin su zubar, galibi da na'urar da ke tace shi ta kashe abin da ke ciki da haske ko sinadari. A Disamba 2022 kuma, a birnin Mantiriyal na Kanada, ƙasashen duniya suka yi alkawarin rage shigowar irin waɗannan baƙi da aƙalla rabi kafin 2030.

Doka a takarda daban, aiki da ita daban. Sai tashar jirgi tana da ma'aikatan da suka iya duba littafin jirgi da awon ruwansa, da kayan aikin yin haka, sannan dokar za ta yi amfani. Ƙasashenmu da ba su da teku manyan abokan ciniki ne ga tashoshin Kwatano da Lome da Tema da Duwala, saboda haka ƙungiyoyin ƴan kasuwarmu suna da bakin magana. Idan ana zaman tattauna kuɗin sauke kaya da jinkirin kwantena, babu laifi a tambaya ko ana duba ruwan da jirage ke zubarwa.

Namu kason

Ba duka laifin jirage ba ne, mu ma muna ɗaukar halittu mu tsallaka iyaka da su. Kiwon kifi ya bunƙasa, ana safarar ƴaƴan kifi cikin jarka da leda daga wannan ƙasa zuwa waccan, ba tare da an san irinsu ko lafiyarsu ba. A 2018 Gana ta hana shigo da karfasa da kifin ado daga waje saboda tsoron cuta, kuma daga ƙarshen shekarar zuwa 2019 masu kiwo a tafkin Bolta suka yi mummunar asara sakamakon wata ƙwayar cuta da ba a san ta a can ba a da. Wanda zai sayi ƴaƴan kifi, ya saya a wurin da hukuma ta sani. Wanda ke da tafkin kiwo, ya tabbata ambaliyar damina ba za ta kwashe kifinsa zuwa kogi ba.

Masu sayar da furanni da kifin ado a birane, kada abin da ya yi kwantai ya ƙare a kwata ko gulbi. Masuntan da ke cirani daga kogin Isa zuwa tafkin Cadi ko Bolta, su wanke jirgi da taru su shanya su bushe sosai kafin su sa su a sabon ruwa, domin ɗan guntun ciyawa ya isa ya kafa gari. Mai sayar da kifin ƙanƙara da ya buɗe kwali ya ga kifin da bai sani ba, musamman mai kama da talibambam, kada ya sayar, kada ya ba yara su gasa. Duk wanda ya ga baƙuwar ciyawa ko baƙon kifi a tafki ko gulbin garinsu, ya gaya wa Sarkin Ruwa da ma'aikatan ruwa da dazuzzuka tun abin yana ɗan kaɗan, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka nan mu tuna darasin Bahar Aswad da na Kalaba. Ruwan da aka galabaitar da taru mai ƙananan ido, da zuba guba don kama kifi, da shara, da saran itacen gaɓa, shi ne baƙo ya fi saurin mamayewa. Kifin gida da aka bari ya yi ƙwai ya girma, shi ne mai gadin ruwansa. Masu saye da sayarwa suna da ƙarfi a nan fiye da yadda suke zato, domin ranar da dillalai suka daina karɓar ƴaƴan kifi da ba su kai ba, masunci ma zai daina kama su.

Allah ya albarkaci ruwayenmu da kasuwanninmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka tarar, mu miƙa shi ga na baya yadda aka miƙo mana. Amin.